Tsarin Sanya Suna da Adana Fayilolin Aikin Waƙa a Sitidiyo

Gabatarwa

A zamanin da ake ɗaukar waƙa a kan zare, manyan sitidiyoyi suna amfani da naɗin zare mai faɗin inci 2 wanda yake ɗaukar layuka 24, kuma kowane naɗi yana da kwalinsa, a cikin kwalin kuma akwai takardar da ta bayyana sunan waƙa, da ranar ɗauka, da abin da ke kan kowane layi. Da aikin ya koma cikin kwamfuta sai kwali da takarda suka kau, ya zamana sunan fayil da wurin da aka ajiye shi su kaɗai ne shaidar da ta rage, alhali fayilolin da waƙa ɗaya take haifarwa a yau sun ninka na wancan zamani sau da yawa. Wannan nauyi ya fi bayyana a sitidiyoyin Kano da Kaduna da Jos da Damagaram, inda kwamfuta ɗaya take karɓar waƙar fim da safe, waƙar biki da rana, waƙar siyasa ko ta bege da dare, kuma ma'aikata biyu ko uku suke karɓa-karɓa a kanta, sannan mai waƙa yana iya dawowa bayan shekara biyu ya nemi a sauya masa baiti ɗaya.

Ma'aunin da ya kamata a auna kowane tsari da shi guda ɗaya ne, wato ko baƙon da bai halarci ɗaukar waƙar ba zai iya buɗe foldar aikin, ya gane wane fayil ne na baya-bayan nan, ya kunna shi ya ji komai a wurinsa, ba tare da ya kira kowa a waya ba. Shi kansa mai aikin baƙo yake zama ga aikinsa idan watanni suka shuɗe, domin abin da yake ganin ba zai taɓa mantawa da shi ba a daren ɗauka shi ne farkon abin da yake ɓace masa.

Abin da fayil ɗin aiki ya ƙunsa

Manhajar haɗa sauti ita ce manhajar da ake ɗaukar murya, a tsara kiɗa, a daidaita sautuka a cikinta, kuma kowace tana ajiye aikinta a irin nata fayil, wanda ake gane shi da haruffan da ke bayan aya a ƙarshen sunansa. FL Studio na kamfanin Image-Line da ke Beljiyam, wanda aka fara sani da FruityLoops kafin a sauya masa suna a 2003, yana ajiye .flp, Cubase na kamfanin Steinberg da ke Hamburg, wanda ya fito a 1989, yana ajiye .cpr, Pro Tools yana ajiye .ptx, Ableton Live yana ajiye .als, Studio One kuma .song. Muhimmin abin da ya wajaba a fahimta shi ne, a mafi yawan lokuta babu sautin kansa a cikin wannan fayil. Matsayinsa kamar na littafin mai sito ne, wanda yake nuna cewa buhu kaza yana ɗaki kaza a layi kaza, amma littafin ba shi ne hatsin ba. Fayil ɗin aiki yana riƙe da adireshin kowane guntun sauti, da lokacin da zai shigo, da ƙarfinsa, da gyaran da aka yi masa, muryar mawaƙi kuwa tana can a wani fayil na daban, galibi mai ƙarewa da .wav.

Daga wannan ne ake gane musabbabin matsalar da ta fi kowace yawa, wato a buɗe tsohon aiki manhaja ta ce ba ta ga wasu sautuka ba. Hakan yana faruwa ne idan an kwafi fayil ɗin aiki shi kaɗai zuwa wata kwamfuta, ko an sauya wa fayil ɗin murya suna daga wajen manhaja, ko an jawo wani sautin ganga kai tsaye daga filash ɗin wani ko daga foldar da intanet ke zuba abin da aka sauke, daga baya aka zare filash ɗin ko aka share foldar. A FL Studio, idan ba a keɓe wa aiki foldarsa a cikin saiti ba, muryoyin da aka ɗauka suna taruwa ne a wata folda ta gama-gari da ke cikin takardun mai kwamfuta, inda muryoyin waƙoƙi ɗari suke cakuɗewa. A Cubase kuwa kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe sabon aiki a cikin foldar tsohon aiki, sai waƙoƙin biyu su yi tarayya a foldar sauti ɗaya, ranar da aka zo share abin da waƙa ta farko ba ta amfani da shi sai a haɗa da muryoyin ta biyu. Ƙa'ida ta farko ke nan, wadda sauran duka suke ginuwa a kanta: kowace waƙa da foldarta, kuma duk sautin da waƙar take buƙata a kwafo shi cikin wannan folda kafin a yi amfani da shi.

Tsarin folda

Ana fara tsari da babbar folda ɗaya wadda ta tattara ayyukan sitidiyo duka, kuma ya fi dacewa ta kasance a faifan ajiya ko sashen faifai daban da wanda Windows yake kai, domin idan kwamfuta ta lalace aka sake zuba mata Windows, abin da ke kan fuskar allo da cikin foldar takardu shi ne yake fara salwanta. A cikin babbar folda ana raba ayyuka bisa mai aiki, wato mawaƙi ko kamfanin fim ko mai talla, a ƙarƙashin kowane mai aiki kuma a saka kundin waƙoƙi ko sunan fim, sannan foldar kowace waƙa. Matakai uku ko huɗu sun wadatar, saboda Windows a tsarinsa na asali yana iyakance tsawon adireshin fayil, tun daga harafin faifai har zuwa ƙarshen suna, a kan haruffa 260, kuma folda cikin folda masu dogayen sunaye suna cinye wannan adadi har kwafi ya riƙa tsayawa a hanya.

A cikin foldar kowace waƙa ana buɗe ƙananan foldoji iri ɗaya a kowane lokaci, a sa musu lamba a gaba domin su jeru bisa yadda aiki yake tafiya:

00_Bayani
01_Aiki
02_Kayan_Waje
03_Gwaji
04_Rassa
05_Kammalalle

Ta farko tana ɗauke da rubutattun baitoci da takardar bayani da yarjejeniya. Ta biyu ita ce gidan fayil ɗin aiki tare da foldojin da manhaja take ƙirƙira da kanta, waɗanda ba a taɓa su da hannu. Ta uku tana karɓar duk abin da ya shigo daga waje, kamar karin waƙar da mawaƙi ya rera a waya ya turo, ko kiɗan da aka buga a wani sitidiyo, kuma ana barin waɗannan yadda suka zo ba tare da gyara ba. Ta huɗu ta haɗin gwaji ce da ake tura wa mai waƙa ya saurara, ta biyar ta rassan sauti ce da za a yi bayaninsu a gaba, ta shida kuma ba abin da yake shiga cikinta sai wanda mai waƙa ya amince da shi. Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da wannan tsari ita ce a ajiye folda guda wadda ba komai a cikinta sai waɗannan ƙananan foldoji, duk lokacin da sabon aiki ya zo a kwafe ta a sauya mata suna, tun kafin mawaƙi ya shiga ɗakin ɗauka. Tarin sautukan ganguna da na kayan kiɗa da ake amfani da su a waƙoƙi da yawa suna da nasu mazauni daban, kuma da zarar an zaɓar musu wuri ba a sake matsar da su.

Ƙa'idojin sanya suna

Suna mai amfani yana amsa tambayoyi huɗu a jere: aikin wane ne, wace waƙa ce, a wane mataki take, kuma zubi na nawa ne, wato karo na nawa aka ajiye shi da sabon suna. Ana jera su daga babba zuwa ƙarami, a raba su da layin ƙasa, kamar haka:

SunanMawaki_RanarGirbi_Dauka_v03
SunanMawaki_RanarGirbi_Miksin_v07

Ana maimaita sunan mawaƙi da na waƙa a kan fayil ko da foldar ta riga ta faɗe su, saboda fayil yana fita daga foldarsa ya shiga filash ko waya ko saƙon imel, kuma a can ba shi da abin da zai gabatar da shi sai sunansa. Wannan ya fi zama dole a waƙoƙin biki, inda kiɗa ɗaya yake ɗaukar ango da amarya daban-daban, ana sauya sunaye da kirari kawai, ta yadda sitidiyo zai iya tara fayil ashirin masu suna Amarya. A irin wannan aiki ana ba wa uwar kiɗan lamba ko suna nata, a ajiye ta a foldarta, kowane biki kuma a buɗe masa sabuwar folda da sunan mai biki da ranar ɗauka, domin tura wa wani gida waƙar da aka ambaci amaryar wani gida kuskure ne da ban haƙuri ba ya gyarawa.

Idan za a saka kwanan wata, ana rubuta shekara da farko, sai wata, sai rana, kamar 2025-04-03, wanda shi ne tsarin ISO 8601 da aka fitar a 1988. Fa'idarsa biyu ce. Ta farko, kwamfuta tana jera sunaye ne harafi bayan harafi daga hagu, saboda haka wannan tsari kaɗai ne yake sa jerin sunaye ya dace da jerin lokaci. Ta biyu, yana kawar da ruɗani, domin 03-04-2025 a Najeriya da Nijar yana nufin 3 ga Afrilu, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Ba a dogara da ranar da kwamfuta take liƙa wa fayil da kanta, saboda tana iya sauyawa wajen kwafi, kuma kwamfutar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu tana ba da ranar da ba ta da alaƙa da gaskiya. Haka kuma ana sa sifili a gaban lambobin da ba su kai goma ba, a rubuta 01 da 02, saboda na'urori da yawa suna sa 10 a gaban 2 idan babu sifilin.

Akwai alamomin da Windows ba ya karɓa a suna, su ne \ / : * ? " < > da |, kuma ko da Mac ta karɓi wasu daga cikinsu, fayil ɗin zai ba da wahala ranar da ya ƙetara zuwa wata kwamfuta. Aya ba ta da wuri a suna sai wadda take gaban haruffan ƙarshe, tazara kuma gara a maye gurbinta da layin ƙasa ko karan ɗori. Batun haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da 'y wadda ake rubutawa ƴ a Nijar, yana buƙatar rarrabewa. Sabbin kwamfutoci suna karanta su lafiya, amma rediyon mota da tsofaffin wayoyi da wasu manhajojin dunƙule fayil suna mayar da su akwatuna ko alamar tambaya, wani lokaci ma manhajar haɗa sauti ta kasa gano fayil ɗin. Saboda haka a sunan fayil ana amfani da b da d da k da y marasa lanƙwasa, amma a takardar bayani da cikin bayanan da ake cusawa a MP3 ana rubuta sunan waƙa da cikakkiyar ƙa'idar rubutun Hausa, domin daga nan ne dandalin sauraro da gidan rediyo za su ɗauka.

Lambar zubi

Zubi shi ne kowane matakin da aka ajiye aiki a kansa da sabon suna, ta yadda za a iya komawa baya idan gyaran da aka yi bai karɓu ba. Kalmomi irin su sabo, da gyararre, da na ƙarshe, ba su da amfani a suna, domin sabon yau tsoho ne gobe, kuma wanda aka kira na ƙarshe kusan kullum yana samun ƙane. Lamba kuwa ba ta ƙarewa, kuma mafi girma ita ce ta baya-bayan nan ba tare da gardama ba. Ana ƙara lamba a farkon kowane zama, da kuma gabanin duk wani babban sauyi, kamar cire baiti, ko sauya saurin kiɗa, ko sake ɗaukar amshi, kuma da yake fayil ɗin aiki ƙarami ne tun da ba ya ɗauke da sauti, zubi talatin galibi ba sa cin wuri mai yawa.

Abin da yake ba wa wannan tsari ƙarfi shi ne daidaita lambar haɗin da aka fitar da lambar fayil ɗin aikin da ya haife shi. Idan an fitar da haɗin gwaji daga zubi na 7, sunansa ya ƙare da v07, kuma daga wannan lokaci ba a sake taɓa zubi na 7, sai a ci gaba a na 8. Da haka, ranar da mawaƙi ya ce wanda aka tura masa makon jiya ya fi masa daɗi, lambar da ke kan fayil ɗin wayarsa za ta kai mai aiki ga ainihin saitin da ya samar da wannan sauti. Ana kuma ajiye ɗan rubutu a foldar bayani, layi ɗaya ga kowane zubi, mai faɗin rana da abin da aka sauya. Kwafin da manhaja take ajiyewa da kanta bayan kowane 'yan mintoci kariya ce daga ɗaukewar wuta, amma ba ya maye gurbin zubi, saboda sababbin kwafin suna ture tsofaffi idan adadin da aka ƙayyade ya cika.

Sunayen layuka a cikin aiki

Layi shi ne gurbin da kowace murya ko kayan kiɗa yake zaune a cikin manhaja. Pro Tools da Cubase da Ableton Live duka suna ɗaukar sunan layi ne su raɗa wa fayil ɗin sautin da aka ɗauka a kansa, saboda haka wanda ya danna ɗauka kafin ya sa wa layi suna zai tara ɗaruruwan fayiloli masu suna iri ɗaya da ba abin da ya bambanta su sai lamba. Sa suna kafin ɗauka aiki ne na daƙiƙa biyar, gyara shi daga baya kuwa yana iya cin yini. Sunan ya zama gajere mai faɗin abin da ake ji, kamar Kalangu, Gurmi, Sarewa, Bes, Fiyano, Jagora_Namiji, Jagora_Mace, Amshi_1, Amshi_2, kuma idan an ɗauki kayan kiɗa ɗaya da makirufo biyu a bambanta su da Kusa da Nesa, ko Hagu da Dama.

Jerin layuka ma ya zama ɗaya a kowace waƙa, misali kayan bugawa a sama, sai bes, sai kayan karin sauti, sai muryar jagora, sai 'yan amshi, kowane rukuni da launinsa, har hannu ya saba da inda komai yake. Ana kuma kafa alamomi a kan layin lokaci da ke nuna buɗewa da amshi da baiti na ɗaya da na biyu, abin da yake da matuƙar amfani a waƙar Hausa mai baitoci da yawa, inda neman ɗango ɗaya a cikin minti goma sha biyu yake cin lokaci. Idan an buga kiɗan a fiyano na waje, irin jerin Yamaha PSR da sitidiyoyin Kano suka daɗe suna amfani da shi, fayil ɗin aiki ba ya tuna salon kiɗa da lambar sautin da aka zaɓa a jikin fiyanon, don haka sai an rubuta su a takardar bayani, an kuma ɗauki sautin kowane kayan kiɗa a layinsa.

Fitar da aiki da miƙa shi

Idan za a kai waƙa wani sitidiyo domin miksin, wato daidaita sautuka da haɗe su wuri ɗaya, ko domin mastarin, wato gogewar ƙarshe kafin fitarwa, akwai hanya biyu. Idan manhajar ɗaya ce, ana amfani da umarnin da yake tattara fayil ɗin aiki da duk sautukansa wuri guda, wanda a Ableton Live ake kira Collect All and Save, a Cubase Back up Project, a Pro Tools Save Copy In, a FL Studio kuma ana fitar da aikin a dunƙule cikin zip. Sai dai wannan ba ya haɗawa da fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ɗora wa babbar domin samar da sauti ko gyara shi, kuma aikin da aka ajiye a sabon fitowar manhaja ba lallai ne ya buɗe a tsohuwa ba. Hanya ta biyu, wadda ta fi aminci, ita ce fitar da rassa, wato a mayar da kowane layi ko rukunin layuka fayil ɗin WAV mai zaman kansa. Sharaɗinta shi ne kowane reshe ya fara daga farkon waƙa daidai, ko da sarewa ba ta shigowa sai a minti na uku, domin wanda ya karɓa ya jera su a sifili su hau kan juna ba tare da lalube ba. Ana sa musu lamba bisa jerin layuka, a rubuta saurin kiɗa a sunan foldar, a haɗa da haɗin gwaji na baya-bayan nan domin a san inda aka dosa.

Ana kuma bayyana adadin awo da zurfinsa. Adadin awo shi ne sau nawa na'ura take auna sauti a daƙiƙa ɗaya, inda faifan CD yake amfani da 44,100 a zurfin bit 16, aikin bidiyo kuma yake amfani da 48,000, saboda haka waƙar da za a hau a fim gara a ɗauke ta a 48,000 da bit 24 tun daga farko. A foldar kammalalle ana ajiye cikakkiyar waƙa, da kiɗa zalla, da murya zalla, da kiɗa tare da amshi wanda mawaƙi zai hau a dandali, kowanne da wannan bayani a sunansa, kuma ana fitar da su duka a rana ɗaya daga zubi ɗaya. WAV shi ne asali, MP3 kuwa kwafi ne da aka rage masa bayanai domin ya yi sauƙin turawa, kuma mayar da MP3 zuwa WAV ba ya dawo da abin da aka zubar. Wajen turawa ta WhatsApp, gara a aika fayil a matsayin takarda, domin ta haka yake isa da sunansa, saɓanin aika shi a matsayin sauti, inda wayar Android take ajiye shi da suna mai farawa da AUD da jerin lambobi.

Takardar bayani

Takardar bayani ɗan rubutu ne a fayil mai sauƙi wanda kowace kwamfuta za ta iya buɗewa, kuma ita ce magajiyar takardar da ake sakawa a kwalin zare. Tana ɗauke da cikakken sunan waƙa, da wanda ya rubuta baitoci, da wanda ya yi kari, da makaɗi, da 'yan amshi ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya ɗauka da wanda ya haɗa, da ranakun aiki, da saurin kiɗa, da sunan manhaja da lambar fitowarta, da jerin fulogin da aka yi amfani da su. Idan waƙa za ta hau dandalin sauraro na intanet ana ƙara lambar ISRC, wadda lamba ce mai gurbi 12 da take bambanta kowace ɗauka a duniya, kuma cikakkiyar waƙa da kiɗanta zalla kowanne da tasa lambar. Wannan takarda tana da daraja fiye da ta tsari kawai, domin Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 da hukumomi irin su BNDA a Nijar suna kare haƙƙin mai fasaha, amma wanda ba shi da rubutacciyar shaidar wanda ya yi me, kuma yaushe, yana shiga jayayya da rauni. A nan ne kuma ake rubuta abin da aka yi ittifaƙi a kai game da fayilolin aikin kansu, wato ko mai waƙa zai karɓi rassa, da tsawon lokacin da sitidiyo ya ɗauki alkawarin ajiye su.

Kwafin kariya

Tsari komai kyawunsa ba ya hana faifai mutuwa, kuma zafi da ƙurar hunturu da wutar da take ɗaukewa ta dawo da ƙarfi duk suna gajarta ran na'ura. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce ta 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku na kowane aiki, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gini daban. Sharaɗi na ƙarshe shi ne aka fi sakaci da shi, alhali gobara da sata da ambaliya ba sa bambanta kwamfuta da faifan da ke gefenta, kamar yadda gobarar da ta tashi a harabar Universal da ke Amurka ranar 1 ga Yuni 2008 ta nuna, inda ta cinye ɗimbin zarurrukan asali na waƙoƙi da aka tara a rumbu ɗaya.

Lissafin wurin da ake buƙata ba shi da wuya. Layi ɗaya na mono a awo 48,000 da bit 24 yana cin kimanin megabait 8.6 a minti, saboda haka waƙar minti 5 mai layuka 40 tana kaiwa kusan gigabait 1.7 kafin a ƙidaya ɗaukar da aka maimaita. Wannan yana nuna cewa gigabait 15 da Google Drive yake bayarwa kyauta ba zai ɗauki ayyukan sitidiyo duka ba, amma zai ɗauki fayilolin aiki da takardun bayani da kammalallun waƙoƙi, sauran kuma a sa su a faifan waje guda biyu da ake musanyawa, ɗaya a sitidiyo ɗaya a gida. Faifan da zai yi zirga-zirga tsakanin Windows da Mac a tsara shi da exFAT, domin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, Mac kuma tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Foldar da take daidaita kanta da intanet ba cikakkiyar kariya ba ce, tun da abin da aka share a nan yana sharuwa a can. Faifan kariya ba a barinsa a jone, ba a kuma ba da aronsa, filash da memorin masu zuwa karɓar waƙa kuwa a bincike su kafin a buɗe, saboda ta nan bairos ya fi shiga. Lokaci zuwa lokaci a ɗauki aiki ɗaya daga faifan kariya a buɗe shi a wata kwamfuta, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba ba a san ko yana aiki ba.

Rufe aiki da gyaran tsohon tari

Manhajoji suna tsufa fiye da yadda ake zato. Cubase 9 da ya fito a 2016 ya daina karɓar fulogin masu bit 32, Ableton Live 10 ma ya bi sahu a 2018, kuma duk aikin da ya dogara da irin waɗannan fulogin yana buɗewa ne da giɓi a sababbin kwamfutoci. Saboda haka ranar da aka kammala waƙa ana fitar da kowane layi a WAV sau biyu, ɗaya da gyaran da aka yi masa ɗaya kuma tsurarsa, a fitar da MIDI, wato bayanan maɓallan da aka danna ba sautinsu ba, a cika takardar bayani, sannan a mayar da foldar zuwa rumbun kammalallun ayyuka na wannan shekara.

Sitidiyon da ya riga ya tara shekaru na fayiloli a hargitse ba ya buƙatar ya tsayar da aiki domin gyara su, kuma bai kamata ya bi su da sauya suna daga waje ba, tun da hakan yana yanke alaƙar fayil ɗin aiki da sautukansa. Abin da ya dace shi ne a kwafe tsohon tarin gaba ɗaya yadda yake zuwa faifan kariya, a fara sabon tsari da aikin da ya shigo yau, duk tsohuwar waƙar da aka sake nema kuma a buɗe ta, a yi amfani da umarnin tattarawa a zuba ta a sabuwar folda mai bin ƙa'ida. A rubuta ƙa'idojin a shafi ɗaya a liƙa kusa da kwamfuta, a koya wa kowane yaron sitidiyo su a makonsa na farko, a kuma ware minti goma a ƙarshen kowane zama domin ƙara lambar zubi, da rubuta abin da aka sauya, da kwafe aikin ranar zuwa faifai na biyu kafin a kashe inji. Muryar da mawaƙi ya bari a sitidiyo amana ce a hannun mai aiki, kuma wani lokaci ɗaukar da aka yi a wannan rana ita kaɗai ce za a taɓa samu, domin murya tana sauyawa, makaɗi yana ƙaura, mai waƙar ma yana iya rasuwa kafin a sake neman aikin.